Shi da bakinsa yana cewa gurgu ne, amma in wani ya kira shi haka sai faɗa

Wata baiwar Allah daga unguwar Jahun a cikin garin Bauchi ta aiko da wannan tambaya. Ƙanenta shan inna ta kama shi tun yana yaro, da keken guragu yake yawo, ya yi karatu har ya gama digiri, yana ta neman aiki bai samu ba. Kwanakin baya a wani taron rabon tallafi, mai jawabi ya yi ta maimaita "'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman", sai shi ya karɓi lasifika ya ce shi gurgu ne, ba shi da wata buƙata ta musamman, ƙofar da kowa ke shiga yake so ya shiga. Amma kuma a cikin makon nan ya kusa bai wa hammata iska da wani ɗan acaɓa a wajen kasuwar Wunti, don ya ce masa "kai gurgu, matsa". Mahaifiyarsu tana ta kuka, tana cewa ƙungiya da intanet sun zuge shi ya bar tawakkali. Ita kuma tana tambaya: da wane suna ya kamata su riƙa kiran lalurarsa, kuma wannan fushin nasa na lafiya ne?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya ba ki yanke masa hukunci ba. Bari in fara da abin da ya fi damun Hajiyarku. A cikin abin da kika bayyana ban ga alamar ƙanenki ya bar tawakkali ba. Na daɗe ina koyarwa a fannin ilimin masu nakasa, ina kuma zama da ƙungiyoyinsu, kuma wannan halin na sha ganinsa, musamman a wurin matasan da suka sha wahalar karatu suka fito suka tarar takardar ba ta buɗe musu ko'ina ba. Abubuwa biyun nan da kike gani kamar suna karo da juna, a wurinsa magana ɗaya ce.

Ɗan acaɓan nan bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki mutum sukutum, mai suna, mai uwa da uba, mai ilimi, ya dunƙule shi ya mai da shi ƙafafu biyu da suka shanye suka tare hanya. Da mai ƙafa ne ya tare masa hanya, "Malam" zai ce, ko "maigida", ko "Alhaji", ko da kuwa mutumin bai taɓa ganin jirgin Makka ba. Wannan girmamawar da muke raba wa kowa kyauta a titi ita aka hana ƙanenki, kuma zagin ke nan. A wurin taro kuwa, shi ya ɗauko kalmar da kansa ya ajiye a gaban manya. Yana gaya musu ne cewa ga abin da nake, na sani, kun sani, ba na jin kunyarsa, kada ku lulluɓe shi don ku samu sauƙin kallona. Wanda ya faɗi kalmar, da abin da ya nufa, da abin da ya biyo bayanta, su suka bambanta wuraren biyu.

Ita wannan "masu buƙata ta musamman" baƙuwa ce a bakinmu. Ta shigo ta gidajen rediyo da ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin agaji, kuma waɗanda suka kawo ta alheri suka nufa. Akwai iyaye da yawa, musamman masu 'ya'yan da ke da jinkirin fahimta, da suka samu sanyi a cikinta, kuma ba zan ce su bar ta ba. Amma ki saurari ƙorafin irin su ƙanenki, don yana da tushe. Shiga banki, shiga aji, kaiwa sahun masallaci, samun bayan gida da mutum zai shiga ba tare da ya ja jiki a cikin ƙazanta ba, wanne ne na musamman a ciki? Buƙatun kowa ne. Da zarar an kira su na musamman, haƙƙi ya koma alfarma, alfarma kuwa sai mai yi ya ga dama, kuma ana jiran godiya a kanta. Bayan haka kalmar tana tattara mutanen da matsalolinsu ba ɗaya ba ne ta zuba su wuri guda. Kurma tafintan maganar hannu yake nema a asibiti da kotu. Makaho littafi yake nema da rubutun makafi, da kwamfuta mai karanta masa rubutu. Gurgu gangara yake nema a madadin matakala. Zabiya man kare fata daga rana yake nema, da kujerar gaba a aji saboda raunin gani. In ba a kira kowanne da sunansa ba, sai a zo da buhun shinkafa da keken ɗinki a raba wa kowa, a ɗauki hoto, a watse. Ina zaton wannan ne ya tunzura shi ranar.

Akwai wani abu da mu Hausawa muke mantawa. Ba yau guragu da makafi suka fara kiran kansu da sunansu ba. A masarautunmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, da rawani da 'yan majalisa, suna sasanta rigimar jama'arsu, suna tsaya musu a aure da suna da rasuwa, suna kai gaisuwa fada. Ba wanda ya taɓa jin nauyin cewa Sarkin Makafi. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, kowa ya san haka, makafi suka yi ta yawo da baitocinsa gari-gari, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Don haka in Hajiya tana ganin intanet ce ta koya wa ɗanta cewa "ni gurgu ne", a tuna mata kakanninta sun riga intanet.

Sai dai ba zan yi wa al'adar kwalliyar da ba ta da ita ba. Wannan martaba ta zo da sharaɗi. Mun ba su sarki da unguwa da suna, muka kuma yanke musu sana'a guda, wato bara. Yaro ya makance, maimakon a yi tunanin makaranta sai a nemo masa ɗan jagora. Karin maganarmu ma shaida ce a kanmu. Makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. Gurgu ka fi mai ƙafa ban haushi. Kuturu kuwa an riga an yanke cewa mai zafin zuciya ne. Ki lura da illar wannan: tun kafin mai nakasa ya buɗe baki an riga an mai da fushinsa abin dariya, an ce halinsu ne. Ba mai tambayar me aka yi masa. Kuma amsar da muka tanada wa wanda ya miƙo hannu ba mu da abin ba shi ita ce "Allah ya ba da haƙuri". Mutum tun yana yaro ba abin da ake ce masa sai haƙuri. An kasa kai shi aji na sama, haƙuri. Mota ta wuce shi don direba ba ya son ɗawainiyar kekensa, haƙuri. Ya je neman aiki maigadi ya ce masa yau ba ranar sadaka ba ce, haƙuri. Yana zaune a ƙofar masallaci yana jiran abokinsa, wani ya jefa masa naira hamsin a cinya ya wuce. Matashin da ya yi digiri yana tsakanin abu biyu ne, tsohon tsarin da ya yarda da sunansa amma ya miƙa masa ƙoƙon bara, da sabon tsarin da ya sauya masa suna ya bar matakala yadda take. Duka biyun yake jin haushi.

Abin da yake gani a intanet ma yana da tarihi, kuma ya kamata ku san shi don kada ku ɗauka fitsara ce kawai. A Ingila, a shekarun 1970, wasu masu nakasa suka kafa ƙungiya suka kawo wani tunani da ya sauya fannin gaba ɗaya. Suka raba tsakanin lalurar da ke jikin mutum da katangar da jama'a suka gina masa. Ƙafa ta shanye, wannan lalura ce. Amma abin da ya hana shi shiga ofis matakala ce, kuma mutum ne ya zana ta, mutum ya gina ta. Wani malamin jami'a mai suna Mike Oliver, wanda shi ma a keke yake, ya yaɗa wannan tunani tun daga 1983. A Amurka, a watan Maris na 1988, ɗaliban jami'ar kurame ta Gallaudet suka rufe makarantar kusan mako guda saboda an naɗa musu shugaba mai ji, ba su buɗe ba sai da aka naɗa kurma, I. King Jordan. A Maris na 1990 masu nakasa suka sauka daga kekunansu suka ja jiki suka hau matakalar majalisar dokokin ƙasar a gaban 'yan jarida, kuma a Yulin shekarar aka sa hannu a babbar dokar kare haƙƙinsu. A cikin wannan gwagwarmaya ne wasunsu suka ɗauki kalmar Turancin da ake zaginsu da ita, mai ma'anar gurgu, suka gutsure ta suka mai da ita sunan da suke kiran junansu. Hikimar ita ce in na riga ka faɗa, kuma na faɗa da ƙarfi, me ya rage maka ka jefe ni da shi? Takensu kuwa, wanda ya yi ƙarfi a Afirka ta Kudu kafin ya bazu, shi ne kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba. Mu da ma muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zai kuma ci karo da wannan muhawara a wurin wasu mutane daban, wato waɗanda a Turai da Amurka suke rayuwa a jinsin da ba shi aka rubuta musu ranar haihuwa ba, da masu neman jinsi ɗaya. Ba hukuncin al'amarinsu kika tambaye ni ba, kuma kin san matsayin malamanmu da dokokin ƙasarmu a kai. Abin da ya shafi tambayarki shi ne yadda suka yi da zagi. A 1990 wata ƙungiya a birnin New York ta raɗa wa kanta suna da ainihin kalmar da ake musu ihu da ita a titi. A 1994 wata masaniyar tarihi daga cikinsu, Susan Stryker, ta buga maƙala ta ce tunda ana kallonta a matsayin dodo, to ta karɓi sunan, kuma daga cikin fushinta za ta yi magana. Amma da yawa daga cikin dattawansu, waɗanda aka taɓa duka ana kiran wannan kalmar a kansu, har yau ba sa son jin ta. Nan darasin yake. Ƙwato kalma ba ya wanke ta a kunnen kowa, kuma wanda ya ƙwace ta bai ba na waje lasisin amfani da ita ba. A nan gida ma muna da waɗanda suna yake cutarwa ta wannan fuska. Akwai jariran da ake haifa halittarsu ba ta bayyana namiji ko mace ba. Littattafan fiƙihu sun yi musu babi, har da hukuncin gadonsu. Amma "mata-maza" ta zama abin gori a unguwa, har iyaye suna ɓoye yaro maimakon su kai shi ga likita. Haka ake jifan yaro mai sanyin murya da "ɗan daudu" har ya tsani makaranta. Ko me mutum yake gani a kan waɗannan al'amura, taron yara suna bin ɗan Adam da ihu a titi ba tarbiyyarmu ba ce.

To, ba kowace kalma ce take ƙwatuwa ba, kuma wannan ya kamata ƙanenki ma ya sani, kada ya ɗauka abin da ya yi masa daidai ya yi wa kowa. Gurgu da makaho da kurma suna faɗin gaskiyar hali ne, shi ya sa mai su zai iya riƙe su da hannu biyu. Bebe kuwa tana ɗauke da ƙarya, don tana cewa mutum ba shi da magana. Kurame suna da harshe cikakke. Wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta nazari a kan maganar hannu ta Hausa, aka buga a 2000. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu kuma ta samo tushe daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kuramen da na yi aiki da su, mafi yawansu kurma suke so a ce, ba bebe ba.

Kuturu ta fi nauyi. A zamanin Turawa an riƙa keɓe masu cutar a wurare irin su Bayara a nan Bauchi, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, sunan ya haɗu da keɓewa da ƙyama. Alhali kuturta ƙwayar cuta ce mai magani. Tun 1995 ake ba da haɗin maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Mutum ya warke shekara da shekaru, amma saboda yatsun da suka riga suka tafi ana nan ana ce masa kuturu, ana hana 'ya'yansa aure. A Brazil sai da aka yi doka a 1995 aka cire tsohon sunan cutar daga takardun hukuma, aka koma kiranta da sunan Hansen, likitan Norway da ya gano ƙwayarta a 1873. Su can sun zaɓi binne kalmar ne, ba ƙwato ta ba. Haka mahaukaci. Ban taɓa ganin mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa da wannan suna ya amfana ba. Ita kanta "nakasasshe" tana da kaifi, don tana nuna kamar mutumin ne gaba ɗaya ya lalace, shi ya sa ni "mai nakasa" nake cewa in ina maganar jama'a a dunƙule. Musaki da miskini kuwa ki bar su kwata-kwata.

Yanzu maganar tawakkali, tunda ita ce ke sa Hajiya kuka. Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi a Suratul Hujurati, aya ta 11. Amma kuma Alƙur'ani da kansa ya ce "makaho ya zo masa" a farkon Suratu Abasa, game da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, kuma a wurin ɗaukaka shi aka yi, ba ƙasƙantarwa ba. Shi ne ya zama ladani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya kula da Madina in zai yi tafiya. Manyan maruwaita hadisi an san su da laƙabin lalurarsu, kamar Al-A'araj, wato gurgu, da Al-A'amash mai raunin gani, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa ya halatta a ambaci mutum da irin wannan don a gane shi, ya haramta in da nufin tozartawa ne. Kin ga ma'aunin da ƙanenki ya yi amfani da shi ke nan, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai kuma Amru ɗan Jamuhu, sahabi mai tsananin gurgunta. 'Ya'yansa suka so hana shi fita yaƙin Uhudu don Allah ya ɗauke masa, ya kai ƙararsu wurin Annabi, ya ce yana fatan ya taka Aljanna da wannan gurguntar tasa. Bai sakaya ta ba, kuma bai yarda masu ƙaunarsa su zaunar da shi da sunan tausayi ba.

Shi fushi, gaskiya ne an yabi masu haɗiye shi, kuma an yi wasiyya da kada a yi shi. Amma a Suratun Nisa'i, aya ta 148, an keɓe wanda aka zalunta, an ba shi damar ɗaga murya. Kuma Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo yana bin Annabi bashi ya yi magana da kaushi, sahabbai suka yunƙura masa, Annabi ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da magana. Yarda da ƙaddarar shan inna daban, yarda da matakalar da ɗan kwangila ya gina daban. Ta farko Allah ne ya hukunta. Ta biyu akwai wanda ya sa hannu a takardarta.

Kuma haƙƙin nasa rubutacce ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. Dokar hana nuna musu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun ga mutumin da ya nuna bambanci saboda nakasa, da naira 1,000,000 ga kamfani. Ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu nakasa ne. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ba su fifiko a layi, ta haramta yawo da mai nakasa don a yi bara da shi. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu nakasa, jiharmu ma tana da tata. Ki zaga gari da idonki ki ƙirga ofisoshi da bankuna da makarantu da masallatan da keke zai shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Wanda ya karanta wannan doka, sannan aka tara shi a rana aka kira shi da suna mai daɗi aka miƙa masa taliya, in bai ji komai ba shi ne zan fi damuwa da shi.

Duk da haka ki sa ido, don fushi iri biyu ne kuma suna kama da juna daga nesa. Akwai wanda yake da alƙibla. Mai shi ya san abin da yake nema, yana fita, yana da abokai, yana dariya a gida, yana cin abinci, yana barci. Akwai kuma wanda baƙin ciki ne ya sa rigar fushi. In kin ga ya daina barci ko ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa abokansa, ya bar wanka da kula da kansa, yana faɗa da kowa a kan komai har yaran gida, ya fara shan maganin mura ko ƙwaya, ko yana cewa gara mutuwa ko shi kaya ne a kanku, to wannan ba maganar kalma ba ce kuma. A kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, kuma in ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tsaya yi masa wa'azi kawai. Ciwon damuwa yana da magani, kuma rashin aikin yi na shekaru yana jawo shi ga mai ƙafa ma.

Ita Hajiya kuma a tausaya mata. Uwayen yaran da shan inna ta kama da yawansu suna ɗauke da wani nauyi da ba sa faɗa. Wata tana tunanin riga-kafin da ba a yi ba, musamman waɗanda suka ga rikicin 2003 lokacin da aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa. Wata an gaya mata iska ce, ta yi shekaru tana yawon magani. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, bayan ta riga ta taɓa gidaje da yawa. Duk lokacin da ɗanta ya ce "ni gurgu ne" da ƙarfi, mai yiwuwa ita tuhuma take ji. Ki zaunar da shi ki gaya masa wannan, don ina kyautata zaton bai taɓa kawo shi a ransa ba. Shi ya kamata ya gaya mata da bakinsa cewa ba da ita yake ba.

A cikin gida, sunansa na yanka ko wanda kuka saba kiransa ya isa. In lalura ta sa dole a ambaci halinsa, kamar wurin likita ko cike takarda, ki tambaye shi wacce kalma yake so, ki bi abin da ya ce, ko da ke ta yi miki nauyi a baki. Cewa ya kira kansa gurgu bai ba yaran gida damar yi masa kirari da ita ba, kuma a hana su yi wa wani. In baƙo ya zo yana tambayarki "me yake so?" alhali ga shi zaune, ki ce a tambaye shi. Kada a tura masa keke sai ya nema. Ku dubi dokin ƙofarku da bayan gidanku, don sau da yawa matakalar farko da take wulaƙanta mutum a gidan ubansa take, kuma buhun siminti ɗaya ko biyu zai gyara ta.

Shi kuma ki isar masa da saƙona. Faɗa da ɗan acaɓa a bakin kasuwa ƙarfinsa kawai zai cinye, ga haɗari, kuma gobe wani zai maimaita. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep suna da ƙungiya da shugabanni, ƙungiyarsu ta guragu ta nemi zama da su. Duk inda ya nemi aiki ya ajiye kwafin takardarsa mai hatimin karɓa da kwanan wata. In an hana shi shiga wuri ko an kore shi saboda kekensa, ya rubuta rana da wuri da wanda ya gani, su kai koke a rubuce ga hukumar masu nakasa ta jiha da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da sunan ƙungiya, tare da makafi da kurame, ta ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD. Su nemi fili a rediyo su karanta wa jama'a dokar da Hausa, don mafi yawan masu karya ta ba su taɓa jin labarinta ba. Kada kuma ya raina dattawan da ke bara ko sarakunansu. Su ne suka riƙe jama'ar lokacin da ba doka ba hukuma, kuma suna da mutane a bayansu fiye da masu digiri.

Ki kuma bincika a hankali, ke da shi kaɗai, ko akwai maganar aure da ta lalace kwanan nan. A samarin da na sani masu irin shekarunsa, sau da yawa fushin da ya fashe a wurin taro daga zauren wani gida ya taso, inda yarinya ta amince iyayenta suka ce ba za su ba gurgu ba. In haka ne, wannan aikin manya ne. A nemi kawu ko baffa mai faɗa a ji, ko limamin unguwa, su je su yi magana da iyayen yarinyar yadda ake yi wa kowane ɗa.